Yadda ake gina tukunya irin ta matan Kota, daga ramin yumɓu zuwa kan murhu

Duk sanda aka yi maganar mutanen Kota, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: wai yaya matansu suke gina tukunyar nan, kuma wanda ba a cikin sana'ar ya tashi ba zai iya gwadawa? Zai iya, muddin ya yarda cewa aikin makonni ne, ba na yini guda ba.

A fara raba gardama kan sunan. Kota ɗin da ake nufi a nan su ne na tsaunukan Nilgiri, a jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Ba birnin Kota na Rajasthan ba, ba kuma Bakota na Gabon masu sassaƙa itace su lulluɓe shi da tagulla ba. Ƙauyukansu bakwai ne kacal, kowanne ana ce masa kokkal, kuma garin Kotagiri sunansu ya ci. Su da bakinsu Kov suke kiran kansu. Wasu na cewa sunan daga tushen ko ya fito, wato tsauni. Masanin harshe Murray Emeneau, wanda ya yi aiki a cikinsu a shekarun 1930, ya danganta kalmar kov da kalmomin da ke nufin magini a harsunan yankin, irin su kuyavan na Tamil. In haka ne, sunan ƙabilar ma sunan sana'a ne. Mazansu maƙera ne, masassaƙa, majema, makaɗa, su ne suka daɗe suna yi wa Toda makiyaya da Badaga manoma kayan aiki ana biyansu da hatsi da mai. Tukunya kuwa ta mata ce.

Kafin a taɓa yumɓu a riƙe wannan: faifan juyi, wato abin da ake ɗora yumɓu a kai yana juyawa ana gini, ba shi ke gama tukunya ba. Baki da wuya kawai yake bayarwa. Ciki da gindi, da ƙarfin da zai sa ta jure wuta, duk a wajen bugu ake samunsu, wato dukan bangon tukunya da allon katako ta waje, dutse na tare shi ta ciki. Mai koyon da ya ɓata wata guda yana neman ƙwarewa a kan faifai ya raina bugu, kwano mai nauyi zai yi ta fitarwa.

1. Zaɓen lokaci

A Nilgiri rani da sanyi tare suke zuwa, daga Disamba zuwa wajen Maris. A farkon lokacin ne matan Kota ke fita ɗibar yumɓun farko na shekara, kuma ba shiru ake fita ba. Biki ne, makaɗa na gaba da algaitarsu da suke kira kol, da ganguna, da ƙahon ƙarfe mai suna kob. Bayan al'ada akwai dalilin aiki: daga Yuni damina ta sauka, ɗanyar tukunya ba ta bushewa, itace kuma a jiƙe yake.

Saboda haka a ko'ina ake, da rani ake wannan aiki. A ware mako shida zuwa bakwai in har da haɗa faifai, ko mako uku zuwa huɗu in akwai faifan a ƙasa.

Hattara: a can, garin Ooty ya haura mita 2,200 bisa teku, raɓa kan daskare da dare, ɗanyar tukunyar da ta kwana a waje sai ta tsage. Mai gwadawa a ƙasar Hausa tasa matsalar ita ce iskar hunturu, wadda ke busar da baya ta bar ciki ɗanye. Maganin duka biyun ɗaya ne: ɗaki.

2. Kayan aiki, da inda kuɗi ke tafiya

Ana buƙatar diga ko fartanya, buhuna, turmi da taɓarya waɗanda ba na abinci ba, rariya mai ƙananan ido ko ragar taga, babban baho, zare mai ƙarfi, tsummoki, leda, da allura. Sai kayan bugu: dutse mai santsi mai kumburarren baya wanda zai cika tafin hannu, da allon katako mai mariƙi, faɗinsa kamar tafin hannu, kaurinsa yatsa biyu. A sa masassaƙi ya yi guda biyu, ɗaya mai nauyi na bugun farko, ɗaya marar nauyi mai santsi na ƙarshe. A ƙara da 'yar tsakuwar rafi mai sulɓi don goge.

Yawancin waɗannan akwai su a gida ko a bakin rafi. Kuɗi wuri huɗu yake fita: ladan maƙeri, ladan masassaƙi, dakon yumɓu in ramin da nisa, da makamashin gashi. Na ƙarshen shi ne mai maimaituwa, kuma shi ya fi ci. Gasa tukunya biyar da gasa ashirin bambancin itacensu bai kai yadda ake zato ba, don haka asara ce a kunna wuta kan tukwane kaɗan.

3. Haɗa faifan juyi

Faifan Kota na gargajiya ba shi da inji ko feda. Faifai ne mai nauyi na busasshiyar laka, da tsinin ƙarfe a ƙasansa, yana juyawa cikin gurbin wani dutse da aka kafa a ƙasa a ƙofar gida. Ga yadda za a yi makamancinsa.

A giciye katako biyu masu tsawon santimita 55, a haɗa su da kyau a tsakiya. Maƙeri ya ƙera tsini daga rodi mai kaurin yatsa, ya ɗan dakushe bakinsa kamar kan ƙwai, a kafa shi daidai mahaɗar. A kwaɓa laka da yankakken zaren buhu ko gashin akuya, a yaɓe katakon sama da ƙasa har ya zama faifai mai kaurin santimita 8 zuwa 10. Zai kai kilo 30 zuwa 40, kuma nauyin nan shi ne amfaninsa, shi ke riƙe juyi. A bar shi a inuwa mako uku. Mai sauri zai iya zuba siminti maimakon laka, ya jira kwana bakwai.

Dutsen ƙasa ya zama mai tauri. A sare masa gurbi mai zurfin santimita 1, a binne shi ya yi daidai da ƙasa, a ɗiga masa mai kafin kowane aiki.

Hattara: kada tsinin ya leƙo fiye da santimita 3. In ya yi tsawo faifan zai yi ta rangaji kamar maye. In kuma ya ƙi tsayawa daidai yana rinjaya gefe ɗaya, a kankare ɓangaren da ya fi nauyi ko a ƙara laka a ɗayan, tun kafin a ɗora masa yumɓu.

4. Ɗibar yumɓu da gwada shi

Matan Kota baƙin yumɓun fadama suke ɗiba. A nemi irinsa a gefen fadama, tsohon kududdufi ko gaɓar rafi. A kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye a zubar, abin da ake so yana ƙarƙashinta.

Kada a cika buhu goma kafin a yi gwaji. A ɗebi cikin hannu biyu a kai gida, a yi gwaji huɗu:

A murza shi kamar igiya mai kaurin fensir, a naɗe a yatsa. In ya naɗu bai karye ba, yana da danƙo. In ya gutsure, yashi ya yi masa yawa.

A yi ɗan allo, a ja layi mai tsawon santimita 10 daidai, a bar shi ya bushe sarai, a sake aunawa. In ya ragu da rabin santimita zuwa ƙasa da ɗaya, ya yi. In ya ragu da fiye da santimita 1, ko ya kantare, danƙon ya yi yawa, zai buƙaci haɗi sosai.

A duba ko akwai fararen ƙwayoyi a ciki. A matsa musu lemon tsami. In sun yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne. Wannan mugun abu ne, don ba ya nuna kansa sai bayan gashi: ya ƙone, ya sha laimar iska, ya kumbura, bayan kwanaki a ga tukunya tana ɓarewa ƙwaya-ƙwaya. Irin wannan yumɓu ko a bar shi, ko a tace shi da rariya mafi ƙanƙantar ido.

Na ƙarshe, a jefa busasshen allon nan cikin garwashin murhu ya kwana. Da safe a jiƙa shi a ruwa. In bai narke ba kuma yana ƙara in an ƙwanƙwasa, a koma a cika buhu.

Hattara: kada a yi rami mai shiga ƙarƙashin gaɓa. Gaɓar yumɓu tana ruftawa ba tare da sanarwa ba. Daga sama ake sara, kuma ba a zuwa ɗiba mutum ɗaya.

5. Daka, tankaɗe da jiƙo

A farfasa yumɓun a baza a rana ya bushe ƙarau. Abin zai yi kama da ɓata lokaci, tunda jiƙa shi za a yi, amma yumɓu mai ɗan laima ba ya shan ruwa, sai ya zauna gudaji-gudaji. Busasshe kuwa da ya ji ruwa yake narkewa.

A daka, a tankaɗe, a zubar da tsakuwa da saiwa. A zuba garin cikin ruwa, ba ruwa cikin garin ba, har ya yi tudu, a bar shi kwana biyu zuwa uku. A tsiyaye ruwan sama, a juye a kan buhu ya sha iska har ya daina kama hannu.

Hattara: ƙurar yumɓu tana da illa ga huhu in ana yawan shaƙarta. A yi daka a waje, a ba iska baya, a rufe hanci, a kori yara daga wurin.

6. Haɗi da cuɗa

Tukunyar girki tana buƙatar abin da zai buɗe jikinta ta jure zafi. Mafi kyau shi ne garin tsingaro, wato fasassun tukwanen da aka riga aka gasa, a daka a tankaɗe. In babu, yashin rafi mai laushi. A fara da mudu 1 a kan mudu 4 na yumɓu. In gwajin allo ya nuna raguwa mai yawa, a koma 1 a kan 3. Kada haɗin ya yi tsakuwa-tsakuwa, don a kan faifai zai kankare tafin maginiya ya kuma ja layi a jikin tukunya.

A shimfiɗa buhu a tattake da ƙafa, a naɗe, a sake tattakewa, har launin ya zama ɗaya. Daga nan a koma hannu, a cuɗa curi-curi kamar kwaɓin fulawa. A yanka curin da zare a duba fuskar: in akwai ramukan iska ko zanen da bai haɗe ba, a ci gaba. A naɗe a jiƙaƙƙen buhu, a sa a leda, a ajiye kwana uku zuwa mako. Yumɓun da ya kwana ya fi biyayya, duk maginiya ta san haka.

7. Kan faifai

Aikin mutum biyu ne. Ɗaya na tsugune tana juya faifan da hannu, maginiya na gini. Mai juyi ita ce rabin aikin: gudu ɗaya, ba fizga, idonta kan hannun maginiya. Da sauri a farko, a hankali in an zo baki.

Don tukunya mai cin lita 3 zuwa 4, a ɗauki curin kilo 2. A maka shi a tsakiyar faifai, a jiƙa hannu, a kafa gwiwar hannu a cinya, a matse curin har ya daina kaɗawa. Wannan shi ne wurin da masu koyo ke gajiya su wuce, alhali curin da bai zauna a tsakiya ba gefe ɗaya zai fita da kauri, kuma bugu ba ya gyara wannan sarai.

A nutsa babban yatsa a tsakiya a buɗe rami. Hannu ɗaya ciki, ɗaya waje, a ja bangon sama sau biyu ko uku. Ba tukunya ake nema a nan ba. Abin da ake so ya fito kamar ƙaramin turmi, bangonsa mai kaurin santimita 1.5 zuwa 2, ƙasan ya fi saman kauri. Wannan kaurin shi ne jarin da za a baza a wajen bugu. A matse wuya, a kwantar da leɓe zuwa waje, a naɗe jiƙaƙƙen tsumma a kai faifan na juyawa har ya yi sumul. Baki kam a gama shi tsaf yanzu, don ba za a sake komawa kansa ba.

A yanke da zare. Maginan kudancin Indiya da yawa sukan yanke ta yadda gindin zai fito a buɗe, su rufe shi daga baya da bugu. Mai koyo ya fara da barin gindi mai kaurin santimita 3, sai hannunsa ya faɗa ya gwada buɗaɗɗen.

Hattara: ruwa kaɗan. In ya taru a ciki a tsane shi da tsumma. Gindin da ya sha ruwa shi ne wanda ke tsagewa a karkace bayan kwana uku, a rasa dalili.

8. Bugu

A rufe ƙasan da tsumma mai laima, a bar bakin a buɗe ya fara ƙarfi, don shi zai riƙe siffar tukunyar yayin da ake dukan sauran. Dangane da iska, sa'o'i kaɗan ne ko kwana guda. Alamar lokaci ya yi: a danna da babban yatsa, ya bar shaida amma bai kama yatsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya cika ɗanyantaka ma ba ya riƙe siffa. In an fara da wuri bangon zai zube ya manne wa allo. In an makara zai yi ta tsattsagewa a ƙarƙashin kowane bugu.

Maginiya ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗora tukunyar a cinya kan tsumma, ko cikin gindin wata fasasshiyar tukunya da aka shimfiɗa wa buhu. Dutse a hannun hagu ta cikin baki, allo a hannun dama ta waje. Dokar ɗaya ce: allo ba ya sauka sai inda dutse ke jiransa. Ido ba ya ganin dutsen, kunne ne ke gani. In sun haɗu za a ji ƙara cikakkiya, "tap". In an kuskure za a ji "fuf", bangon kuma ya lotsa. Da an ji haka a tsaya a tura lotsawar da dutse daga ciki kafin a ci gaba.

A fara daga ƙarƙashin kafaɗa, a zagaya, kowane bugu ya hau rabin na bayansa, ana juya tukunyar kaɗan-kaɗan. In an gama zagaye a sauka faɗin yatsa biyu a sake. Kada a tsaya wuri ɗaya ana neman ya yi kyau. Wurin zai yi siriri, sauran ya zauna da kauri, kuma a wuta nan za ta rabu.

Bugu uku ake yi, da hutu a tsakani. Na farko da allo mai nauyi, don baza kaurin zuwa ƙasa da fito da ciki. A ajiye ta kife a kan bakinta, a rufe, ta huta sa'a ɗaya ko biyu. Na biyu shi ke kumbura cikin ya kuma zagaye gindi. Na uku da allo marar nauyi, bugu a hankali, don share tabon na baya. Wanda ya haɗa ukun a zama ɗaya zai ga tukunyar tana laushi a hannunsa tana sunkuyawa, domin yumɓun da ake duka yakan saki.

In gindin a buɗe yake, a bugu na biyu ake rufe shi. A karkata allon ana kora yumɓu zuwa ramin daga kowane gefe. Ramin zai yi ta tsukewa, daga faɗin tafi zuwa faɗin kwabo, har leɓunan su haɗu. A buga mahaɗar sosai a kan dutse. In yumɓun bai isa ba, a yi faci da wanda laimarsa ta yi daidai da ta tukunyar, a karce gefen kafin a liƙa. Faci mai ruwa a kan bango mai ƙarfi zai ja baya ya bar zobe.

In allo na mannewa, a barbaɗa toka ko garin tsingaro mai laushi. In ƙananan tsagu sun fara fitowa, a shafa wa allon ruwa kaɗan, ba tukunyar ba. Kaurin da ake nema a ƙarshe milimita 6 zuwa 8 ne ko'ina. A soka allura a wuri uku ko huɗu a gani, a toshe hudar da yatsa.

Mutane kan tambaya me ya sa ba za a yi mata shimfiɗaɗɗen gindi ta zauna da kanta ba. Saboda wuta. Zagayayyen gindi yana raba zafi, ba shi da kusurwar da ƙarfi zai taru ya tsaga. Kuma dukan nan yana danne jikin yumɓun ya haɗe, abin da faifai kaɗai ba ya yi. A ganinmu tukunyar da aka buga da kyau ko bakinta ya ɗan karkace ta fi wadda ta fito sumul daga faifai da gindi kamar dutse.

9. Goge da ado

In ta ƙara ƙarfi amma launinta bai fara haske ba, a goge da tsakuwar rafi, layi kusa da layi, har ta yi sheƙi. Goge na toshe ƙofofin jiki, don haka tukunyar girki a goge ta ciki da waje. Ta ruwan sha kuwa a bar cikinta da yawancin bayanta haka nan, don tsattsafowar nan ita ke sanyaya ruwa. Mai son zane ya ja layukansa a kafaɗa da tsinke yanzu, kada ya zurfafa.

10. Shanya

Cikin ɗaki, nesa da ƙofa da taga. Kwana biyu na farko a kife, a lulluɓe da tsumma, sannan a riƙa juyawa kullum. Kwana 7 zuwa 10 a inuwa, sai kwana biyu a rana. Gwajin bushewa: a kara ta a kunci. In an ji sanyi akwai sauran ruwa, ko da ido ya ce ta bushe.

Hattara: busasshiyar tukunyar da ba a gasa ba ita ce mafi rauni a duk tafiyar. Ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. Da hannu biyu ake ɗaukarta ta ciki, ba ta leɓe ba. In tsaga ta fito a wannan mataki kada a wahala da liƙi, za ta dawo a wuta. A farfasa a mayar cikin bahon jiƙo, yumɓun bai lalace ba.

11. Gashi

A fili ake yi, ba tanda. A zaɓi yammacin da iska ta kwanta, nesa da danni da rumbu, a ajiye ruwa kusa.

Da farko ɗumi. A hura ƙaramar wuta, a jera tukwanen kewaye da ita tazarar taku ɗaya, ana juya su ana matso da su sannu a hankali, sa'a ɗaya zuwa biyu, har su yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba. Ko tukunyar da ta fi kowacce bushewa tana da sauran laima, kuma a digiri 100 na ma'aunin Celsius laimar nan tururi take zama. In ta fita a hankali lafiya, in wuta ta afka mata lokaci guda sai a ji "fas", gindi ya tashi. Yawancin asarar masu koyo a nan take.

Sai jeri. A shimfiɗa busasshen itace mai kaurin hannu da kandilo, tsayin taƙi ɗaya. A kife manyan tukwane a tsakiya, ƙanana a kansu da gefe, baki ƙasa, suna jingine da juna ba tare da an danne ba. A cusa kirare da kandilo a tsakani. A rufe tulin da manyan tsingaro in akwai, don su kare harshen wuta da iska. A ƙara itace, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa mai kauri har kada a hango tukunya ko ɗaya.

A kunna daga ƙasa ta gefe uku ko huɗu lokaci guda. Duk inda ciyawa ta cinye tukunya ta leƙo, a rufe da wata nan take, domin iska mai sanyi a kan jikin da ya yi ja tsaga ce. A ci gaba da ciyar da wutar sa'a ɗaya zuwa biyu. Irin wannan wuta tana kai digiri 600 zuwa 900, kuma sai an haura 600 yumɓu ke zama abin da ruwa ba zai mayar laka ba. Amfanin gashin yamma ke nan: in duhu ya yi, a leƙa ta kafa, a ga tukwanen sun yi ja kamar garwashi. In ba su yi ba, da saura.

Mai son ja ya bar wutar ta mutu da kanta. Mai son baƙa, da an ga jan nan, ya lulluɓe tulin da ƙaiƙayi, buntu ko garin kandilo, ya bi da ƙasa ko toka ya toshe iska. Hayaƙin da ya rasa mafita shi ke shiga jikin tukunya ya baƙanta ta.

Hattara: kada a buɗe sai gari ya waye. Wajen digiri 573 yashin da ke jikin yumɓu yana canza girma farat ɗaya, a hawa da sauka, kuma tukunyar da aka jawo da zafinta tana iya tsagewa a hannu. Kada kuma a sa taya, roba, ko katako mai fenti a wutar abin da za a ci abinci a ciki.

Da safe a kaɗe toka, a ƙwanƙwasa kowacce da yatsa. Mai ƙara kamar ƙararrawa ta gasu. Mai dusasshiyar murya ko dai ba ta ji wuta ba, sai a mayar da ita gashi na gaba, ko tana da ɓoyayyiyar tsaga. Tsagar ma tana faɗin laifin wa: mai kaifin baki tsaf daga sanyaya da gaggawa take, mai gefe kaca-kaca tun wajen shanya ta samo asali, ɓallewar fala-fala kuwa ƙarancin ɗumi ne. Baƙin tabo a jikin ja ba aibi ba ne, inda itace ya jingina ne.

12. Kafin a ɗora girki

Sabuwar tukunya ba a kai ta kan babbar wuta kai tsaye. A nutsa ta a ruwa kwana guda, a shanya. A kudancin Indiya ruwan dafaffiyar shinkafa suke zubawa a ciki ya kwana, su maimaita kwana biyu ko uku, don sitacin ya toshe ƙofofin jiki. Ruwan kunu marar tsami ma yana yin wannan aiki. Daga nan a wanke, a shanya, a shafe ciki da man girki, a cika ta da ruwa zuwa rabi, a ɗora a kan wuta kaɗan har ya tafasa. A yi haka sau biyu kafin a sa mata miya.

Kada a ɗora ta a wuta ba komai a ciki, kada a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, kada a sauke ta a kan siminti mai sanyi, a yi mata gammo. Wanki da ruwan ɗumi da toka ko soson gargajiya ya isa. Sabulu kan shige jikinta ya fito a miyar gobe. Waɗanda suka fashe a wuta kuma a tara su wuri ɗaya: manya na rufin gashi na gaba, ƙanana a kai turmi su zama haɗin mataki na 6.